Man Da Ba A Wankewa

Jikata tun da aka kawo mini ita yaye ba ta koma ɗakin uwarta ba. Gida ɗaya muke a Durun, amma a gadona take kwana, ni nake mata kitso. Saboda haka da gashinta ya fara karyewa tana shekara takwas, ni kowa ya zuba wa ido.

Gashin ya bushe ƙayau kamar harawa. In na sa mataji, sai in ga rabinsa a cinyata. Ƙeya ta zama fili, gefen kunnuwa ma haka. Man kaɗe na shafa, man shanu na shafa, ya yi ƙyalli da safe, kafin azahar ya koma yadda yake.

Ubanta, ɗana na fari, ya ce a aske. Haka ake yi a wajenmu: gashin yarinya in ya lalace, a kira wanzami ya yi mata ƙwal, wai sabo zai fito da ƙarfi. Ni an yi mini ina ƙarama. Wata shida yara suna fizge mini ɗankwali a hanyar rijiya suna ce mini kan ƙwarya, kuma gashin da ya fito irin na da ne. Yarinyar nan da ta ji maganar aski, kwana biyu ba ta ci tuwon kirki ba.

Autata da ke aure a Kano ta aiko da wata farar roba, an ce na gashi ne. Jikinta duk rubutun Turanci, ni kuwa ban taɓa zama a aji ba, kuma ban ga dalilin da zan kai wa wani ya karanta mini abin da idona ke gani ba. Na buɗe, fari ne, ga santsi, ga ƙanshi. Na ce sabulun wanke kai ne. Duk Juma'a sai in yi mata tsifa, in shafa, in cuɗa, in ɗauraye tas har sau uku, don ni ba na barin sabulu a kan yaro. Abin da ya ɗaure mini kai, ba ya kumfa. Wata guda ina haka, gashi yana ta zuba.

Ran nan ɗana ya tsuguna a ƙofar ɗakina ya gaishe ni, sannan ya ce, "Inna, an gwada naki. Ranar Asabar wanzami zai zo."

"Ya zo mana," na ce. "Zaure ai na kowa ne."

Washegari na ƙulle robar a gefen mayafi na shiga motar Gwarzo. Na je shagon wata mai sayar da kayan kwalliya, na dire mata ita a kan tebur.

"Ke 'yar nan, duba mini. Jabu aka sayar wa 'yata ko? Sabulu ba kumfa."

Ta juya robar ta karanta, ta dube ni. "Inna, wankewa kike yi?"

"To da sha zan yi?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Na tsaya ina kallonta har ta gama, ta ce in yi haƙuri. Ta ce sunansa kwandishina, kuma irin wanda ake bari a kai ne. Bayan an wanke kai, tun gashi da danshi, a lakaci kaɗan a bi shi tun daga tsini, a warware da yatsu kafin mataji, sannan a bi da man kaɗe ya riƙe danshin. Wato wata guda ina shayar da ƙasar tsakar gida magani.

Har na juya ta ce, "Inna, wa ke mata kitso?"

"Ni."

"To a sassauta hannu. Ƙeya da gefen kunne, yawanci ja ne ke cin su."

Tun ina budurwa ake yabon kitsona da cewa yana wata bai tashi ba. A mota na yi ta kallon yatsuna har Durun.

Ranar Asabar wanzami ya yi sallama da zabirarsa. Ya tarar na shimfiɗa tabarma a bakin zaure, yarinya a tsakanin gwiwoyina, kanta da danshi, ina bin sa da man a hankali.

Ubanta ya ce, "Inna, ga shi ya zo."

"Na gan shi. Sannu da zuwa, Malam. Aska ba za ta taɓa kan nan ba."

"Inna, 'yata ce fa."

"Kai kuma ɗan wa?"

Ya sunkuyar da kai. Na ce masa laifin ba na gashin ba ne, nawa ne, hannuna ya yi tsanani kuma maganin ban iya shi ba. A gaban baƙo na faɗa, ban ji kunya ba. Na ce amma ba za a aske yarinya saboda kuskuren tsohuwa ba.

Wanzami ya ce, "To Hajiya, ni haka zan koma, ban jiƙa aska ba?"

"Ga kan ubanta nan, ya kwana biyu."

Haka kuwa aka yi. Uban ya zauna a kan turmi aka yi masa tas, 'yarsa tana leƙensa ta ƙarƙashin hannuna tana danne dariya.

Yanzu manyan kalba nake mata, sakwa-sakwa, mako guda sun tashi, mata suna cewa hannuna ya tsufa. Su faɗa. Gashin bai yi tsawon a zo a gani ba, amma ƙeyar ta rufe, kuma in na taje, abin da ke zuba a cinyata bai fi a ƙirga ba. Ubanta bai taɓa cewa na yi daidai ba. Amma dai bai sake kira mata wanzami ba.