Neman Zoɓon da Ya Sha Wahala

Gari bai gama wayewa ba muka bar Kano, ni da direban sashenmu da wani ɗan ajinmu, cikin tsohuwar a-kori-kurar jami'a. Zoɓo muka fita nema. Malamarmu ta koya mana cewa tsiro idan ya sha ƙishirwa da zafin rana yakan haɗa wasu sinadarai don ya kare kansa, har launinsa da ɗanɗanonsa su ƙara ƙarfi. Aikina na shekarar ƙarshe shi ne in gwada zoɓon da ya ji daɗi da wanda ya wahala, a ga wanne ya fi dacewa a yi wa masu hawan jini abin sha da shi. In babu na biyun, sai in jira wata kakar kafin in gama karatu.

Na farkon bai ba mu wuya ba. A gefen dam ɗin Bagauda, inda ruwa ke kwance shiru kamar bai farka ba, muka sami manya-manya masu sheƙi. Daga nan ne kallon mutane ya fara sauyawa. A Kafin Maiyaki na roƙi wani dattijo ya bar ni in tsinki wanda ya tsumbure a ƙarshen gonarsa. Ya dubi lambar gwamnati da ke jikin motarmu, sannan ya dube ni.

"'Yata, waɗanda suka zo kafin a yi dam ma, inda ba ya ba da amfani suka fara tambaya, daga baya aka karɓe gonakin. Ku gai da gida."

A Tudun Wada muka ci waina da miyar taushe, direba na mitar tsadar shinkafa a garin shinkafa, mai wainar kuma na ta tambayarmu wanda ya aiko mu. Da muka shiga dajin Falgore hira ta mutu. Ramuka suka yi ta jijjiga mu, ni kuwa ina kallon itatuwa ina tunanin abin da kowannensu ya ɓoye a ganyensa.

A wani ƙauye kusa da Doguwa, cikin duwatsu, na ga abin da na zo nema: ƙananan zoɓo, ja har ya kusa baƙi. Sai da muka gai da mai unguwa muka yi dogon bayani kafin mai gonar ya gyaɗa kai. Da hannuna na tsinka, ƙaiƙayi na cin yatsuna, ina jin daɗi. Ina gamawa matar mai gonar ta miƙo hannu.

"Kawo, 'yar nan, in sauya miki buhu. Wannan ai ba zai kai ku kwalta ba."

Ta daɗe a cikin gida. Da ta fito an ɗinke bakin buhun tsaf, kuma ya fi yadda na san shi nauyi. Na so in duba ciki, amma wa zai farke kyauta a gaban mai ita? A mota na faɗa wa ɗan ajinmu, ya ce, "Ke dai kin cika zargi, zaman ƙauyen nan ya shafe ki."

Washegari a ɗakin gwaji na yanke zaren. Manya ne, masu sheƙi, zaɓaɓɓu ɗaya bayan ɗaya, ko ƙwaya guda ta nawa babu. Malama ta sake tura direba, ya tarar an girbe gonar an gauraye komai.

Har yau ban sani ba ko matar ta ji kunyar baƙuwa ta tafi da mummunan abu daga gidanta ne, ko tsoro ta ji kada shaidar raunin gonarsu ta isa hannun hukuma. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne mutum ma idan ya sha wuya yana da nasa hanyoyin kare kansa, wani lokaci da fuska a sake. Zoɓon mai kyau mun dafa shi a gida da citta da kanumfari. Ni kuma zan maimaita shekara.