Rakiyar da Ummi ta yi wa Hajiya Asabe

"Ina Ummi?"

Goggo na yin tambayar nan bayan la'asar, gidanmu na Ƙofar Kuyambana ya ruɗe. Ummi 'yata ce, shekararta biyar, kuma wannan dogon hutun ne zuwanta Zariya na farko. Ba ta san lungu ko ɗaya ba.

Muka bazu nema. Na bi ta wajen ganuwa, inda na kai yara yawo da safe, ina ƙwala mata kira har muryata ta dushe. Da na dawo na ga ƙanena yana leƙa rijiyar maƙwabta.

Ana shirin kai cigiya masallaci Goggo ta ce, "Ku dakata. Wa ya raka Hajiya Asabe?" Hajiya Asabe ƙawar Goggo ce da ta zo yi mana sannu da zuwa.

Wayarta ba ta shiga, na hau keke sai gidanta a Ƙofar Doka. Na tarar da Ummi a kan tabarma tana shan fura.

"Haba Hajiya, ko ki faɗa mana!"

"Malama, cewa na yi ta zo mu tafi gidana, kamar yadda ake tsokanar kowane yaro. Yaran unguwa a zaure suke juyawa. Ita kuwa har da ɗauko takalmi, na ɗauka ke kika ba ni ita."

Ummi ta ɗago kai. "Mama, ba ke kika ce in babba ya yi magana in bi ba?"

Na rungume ta. Iyaye da malamai, ku da wace amsa za ku ba ta?