Sitiyarin Da Baba Ya Bari A Ɗakinsa

Ina tankaɗen gari a gidana na Gagarawa ƙanena Nasiru ya kira. Bai ko amsa sallamata ba ya ce, "Yaya Hajara, sai haƙuri. Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san lokacin da na ajiye rariyar ba, sai dai na tsinci kaina a motar Gumel, hannuna duk gari.

Mahaifinmu, Malam Haruna Bakanike, ya tsufa yana gyaran tsofaffin motoci, irin waɗanda sauran masu gareji ke korewa. Ba mai yawan magana ba ne, amma yana da wata ɗabi'a da ta ja masa faɗa da mutane. Duk motar da bai yarda da lafiyarta ba, sai ya kwance sitiyarinta ya taho da shi gida, ya jingine bayan ƙofar ɗakinsa. Yakan ce, "Inji in ya mutu, ka sauka ka tura. Sitiyari in ya saki, kai za a ɗauko."

Aikinsa na ƙarshe motar Alhaji Sabo ce, amininsa tun ƙuruciya. Tsohuwa ce ƙirar Faransa, ta mahaifin Alhajin, kuma mahaifiyarsa Hajiya Kaka ba ta shiga kowace mota sai ita. Abin da ya lalace bai fi tafin hannu ba: wata roba mai huji huɗu da ke haɗa sandar sitiyari da ƙarfen da ke juya tayoyin gaba. An daina yin irinta. Baba ya zaga Kano bai samu ba, ya yi Alhamis uku a kasuwar Maigatari, daga bisani ya yanka kwali daidai girmanta ya ba wani direba ya nemo a Damagaram.

Zuwana gida na ƙarshe, ina tsakar gida na ji Baba da Alhaji a zaure.

"Haruna, sunan tattaɓa-kunnen Hajiya ya matso, kuma a Sule Tankarkar ne. Yanko min daga tsohuwar taya mana, kowa haka yake yi."

"Kowa ba Hajiya zai ɗauka ba."

"To ban sitiyarina."

"Ga ɗakin can, shiga ka ɗauka. Amma ka fara faɗa min wa zai gaya wa 'yan uwanka in ya saki a hanya."

"Tsoho mai taurin kai!"

"Wata biyu kacal na ba ka, yaro."

Alhaji ya fita ba sallama. Baba ya shigo ya ce da ni, "Hajara, kin ji dai. Kada abin nan ya fita sai robar ta zo." Na ce to, ban ɗauka wasiyya ce ba.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, Alhaji ya aiko a kira ni. Na tsaya daga bakin zaure, na durƙusa na gaishe shi. Idonsa ya yi ja. Ya ce suna jibi ne, Hajiya ta ƙi cin abinci, kuma ya samu wanda zai yanka robar taya, don haka in miƙo masa sitiyarin. Na dubi Nasiru, ya sunkuyar da kai.

Allah Ya sani kayan mutum ne, ba ni da ikon riƙewa, kuma ban taɓa musu da sa'an mahaifina ba. Amma na san hanyar nan da kwanoninta, na san wadda za ta zauna a kujerar baya.

Na ce, "Baba Alhaji, kayanka ne. Yana bayan ƙofa inda ya ajiye, ba wanda zai tare ka. Ni dai hannuna ba zai miƙo shi ba."

Ya miƙe. Ya wuce ni, ya shiga har ƙofar ɗakin, mata suna ja da baya. Babbar rigar Baba tana rataye, sitiyarin na ƙarƙashinta. Ya daɗe a tsaye yana kallonsu. Sai ya jawo ƙofar ya rufe, ya ce, "Ko ya mutu sai ya fi ni."

Hajiya Kaka ba ta je sunan ba, kuma har yau tana amsa gaisuwata a taƙaice. Robar ta iso bayan kwana tara. Wani tsohon abokin aikin Baba ya ɗaura, ya gwada motar shi kaɗai zuwa Maigatari ya dawo, sannan Alhaji ya ɗauki mahaifiyarsa ta je ta ga jaririn, suka dawo lafiya.

Ya Allah, bawanKa Haruna ya tsare rayukan bayinKa gwargwadon saninsa, Ka tsare shi daga azabar kabari. Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka makwancinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Innarmu da mu 'ya'yansa da Alhaji Sabo haƙurin rashinsa, in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.