Ƙuri'un Habu da Aka Raba Gida Biyar

A watan Maris na 2014 wasu 'yan gayu masu shafin intanet a unguwar Dokki suka fitar da jerin DJ hamsin da suka fi farin jini a Alƙahira, kuma babu sunan Habu a ciki, alhali ƙuri'unsa sun ninka na wanda ya zo na hamsin. Suka raba masa ƙuri'u gida biyar, suka ce mutum biyar ne. Da aka nuna musu kuskuren, abin da ya fito daga bakinsu shi ne ma'alish, wato a yi haƙuri.

Duk wanda ya taɓa zuwa biki a Hayyin Ashir, unguwar da Hausawa da 'yan Sudan suke zaune a Alƙahira, ya san Habu. A Gadarif ta Sudan aka haife shi, jikan wani makaɗin kalangu ne da ya taso daga Haɗejiya da niyyar aikin Hajji, tafiya ta tsaya masa a hanya. Sunan kakan ya ci, Abubakar. Ya zo Masar yana ɗan shekara ashirin da biyu, ya samu aikin shara da dafa shayi a wani kamfanin tafiye-tafiye, kuma ta hanyarsu yake sabunta iƙama, takardar zaman ƙasa. Da ɗan abin da yake ragewa ya sayi tsohuwar mikisa, na'urar haɗa kiɗa, da lasifika biyu, ɗaya ma sai an ɗaure wayarta da roba take magana.

Amma hannunsa fa! Ya ɗauki muryar kalangu a kaset ɗin kakansa, ya ɗora ta kan kiɗan lantarkin nan da samarin Masar ke haukacewa a kai, ya saƙa kiɗan amaren Sudan a tsakiya. Idan ya saki wannan a ɗakin biki, za ka ga 'yar Damagaram da 'yar Madani ta Sudan da 'yar Kano a fili ɗaya, kowace tana rantsuwa kiɗan garinsu ne. Har ɗaliban ilimi da ke zama can nesa suna istigfari, ka duba ƙarƙashin kujera ka ga ƙafa tana motsi.

Sai rikicin siyasar Masar na 2013 ya zo. Dokar hana fita ta kashe bukukuwa wata da watanni, baƙi suka daina zuwa, kamfanin da yake wa aiki ya rufe. Iƙamarsa ta rage wata bakwai. 'Yarsa Rabi'atu shekararta uku, ba ta isa makaranta ba balle a nemi takardar zama da sunanta. Ga matarsa Awadiyya, ga mahaifiyarsa Husaina da ya ɗauko don a duba mata gwiwa.

Ana cikin haka wani manajan jirgin shaƙatawa da ke bakin Nilu a Zamalek ya ji kiɗansa a wayar mai gadinsa, ya aika a kira shi. Ya saurara har ƙarshe yana kaɗa kai, sannan ya ce, “Kiɗanka ya yi, ya Samara. Amma mai jirgin ba kunne yake amfani da shi ba, jeri yake dubawa. Ka shiga cikin hamsin, ko na ƙarshe ne, in ba ka kwantiragin shekara, mu yi maka takardu. Tamam?”

“Tamam, ya basha,” in ji Habu. Samara ɗin nan, wato baƙar fata, ya haɗiye ta kamar yadda ya saba.

Zaɓen mai sauƙi ne a ido. Ka shiga shafin, akwai wani fili fari, ka rubuta sunan DJ ɗinka, ka danna. Ayuba, ɗan Maraɗi mai shagon intanet a bayan kasuwar Ashir, ya ce duk mai zuwa zaɓen Habu kyauta ne. Mako uku shagon nan bai huta ba. Masu ƙunshi suka zo, masu shayi suka zo, direbobin tuk-tuk, keke mai ƙafa uku, suka zo. Wani ɗalibi ya shigo yana waige-waige, Ayuba ya ce, “Ustaz, kai ma? Ba jiya ka ce kiɗa haramun ne ba?”

“Ni ba kiɗa na zo zaɓa ba, ɗan'uwa na zo taimako. Yalla, buɗe min kafin a gan ni.”

Ranar da Husaina ta zo, da sanda ta hau matakalar shagon. Ayuba ya ba ta kujera ya ce, “Inna, wane suna zan rubuta?”

“Kai ma ka sani.”

“Na sani, amma ƙa'ida sai kin faɗa.”

“Ji min ɗan banza! Ɗan farin nawa zan kama sunansa a tsakiyar mutane, ga shi kuma sunan surukina? Rubuta Mai Sunan Malam.”

Shago ya ɗauki dariya. Ayuba ya rubuta mata abin da ta ce, don a ganinsa ai kowa ya san wanda ake nufi. Awadiyya ma ba ta taɓa kiran sunan mijinta a gaban mutane ba, ita da ƙawayenta Abu Rabi'a suke cewa, haka suka rubuta. Mutanen Sudan suka rubuta Abakar, yadda suke kiran kowane Abubakar. 'Yan Nijar suka rubuta Habou irin na makarantar Faransa. Wasu Kanawa kuwa tun ranar da suka san shi Garba suke ce masa. Babu wanda ya yi ƙarya. Babu kuma wanda ya kawo a ransa cewa na'ura ba ta san Habu da Garba da Abakar uwarsu ɗaya ba.

Ranar da sakamako ya fito, da hantsi Habu ya je shagon. Ya bi hamsin ɗin nan da yatsa daga sama har ƙasa, ya sake bi. Ayuba ya buɗe dogon jerin da ya kai ɗari biyu. Ga Abakar a na sittin da takwas. Ga Habu a na saba'in da huɗu. Ga Habou, ga Garba, ga Abu Rabi'a can ƙasa. Mai Sunan Malam ma bai samu shiga ba. Ayuba ya haɗa biyar ɗin a takarda, ya haɗa kuma, ya ajiye biro.

“Da na ashirin da ɗaya ka zo,” ya ce a hankali. “Wallahi laifina ne. Da na manna takarda a ƙofa kowa ya rubuta suna ɗaya.”

Habu ya karɓi takardar ya linke ta ya sa a aljihun gaba.

Washegari ya sa rigarsa ta zuwa biki ya hau motoci biyu zuwa Dokki. Bayan ya yi zaman awa biyu a kan benci, wani saurayi mai tabarau ya fito da kofi a hannu. Habu ya miƙa masa takardar, ya yi bayani da Larabcinsa mai kyau, ya nuna fasfo, ya nuna hotunan biki a waya.

Saurayin ya yi dariya. “Wato kai ne Habu, kai ne Garba, kai ne Abakar? Su nawa ne kai, ya ammi? Gobe wani ya zo ya ce shi ne mutum goma na farko.”

“Ka zo Ashir ka tambayi ko yaro ne.”

“Ashir?” Ya kurɓi kofinsa. “Na'ura ce ta ƙirga, ba ni ba. An riga an buga. Khalas. Ma'alish, baɗi ka zaɓi suna ɗaya.”

Manajan jirgin ma bai ja magana ba. Ya ce ya yarda da shi, amma mai jirgi ba zai karanta takardar biro ba. Aka ba wa na arba'in da bakwai aikin, wani yaro da ubansa ya saya wa kaya daga Turai, wanda mai gadin ya ce kiɗan wasu yake jerawa a kwamfuta ya danna, sai ɗaga hannu sama.

Iƙama ta ƙare a watan Afrilu. Habu ya yi wata biyu ba ya wuce bakin layi don gudun a tare shi. Bukukuwa sun dawo, ana kiransa, amma wa zai ɗauki lasifika biyu a kai ya ratsa shingen bincike ba takarda? A ƙarshe ya ɗauki Husaina suka bi ta Aswan suka koma Gadarif, gwiwar ba a gama duba ta ba. Awadiyya ta tsaya da yarinyar a Ashir wurin yayarta, tana yi wa amare ƙunshi, wai kafin ya samu hanyar dawowa. Yau shekara guda da wata biyu. Mikisar na ƙarƙashin gado an rufe ta da zane. Shi kuwa yana can yana gyaran rediyo a rumfar wani. Da Ayuba ya tambaye shi a waya ko yana taɓa kiɗa, sai ya ce layin ba ya ji sosai.

Bana ma sun sake fitar da jerinsu, da hotuna masu ƙyalli, suna cewa muryar jama'a ce. Wace jama'a? Tsohuwar da ta hau matakala da sanda ba jama'a ba ce? Jerin da bai iya gane mutum ɗaya ba, shi ne zai gane wanda ya iya kiɗa?

Ku masu shafin nan na Dokki, ƙuri'un suna cikin na'urarku, ba su ruɓe ba. Ku buɗe, ku haɗa Habu da Habou da Abakar da Garba da Abu Rabi'a, ku ƙara da ƙuri'ar uwarsa. Ku gyara jerin 2014 a shafinku inda kowa zai gani, ku sa shi a gurbinsa. Ku rubuta wa mai jirgin nan takarda da hatiminku cewa ku kuka yi kuskure. Sannan ɗayanku ya hau mota ya zo Ashir, ya tsaya gaban Awadiyya ya faɗa mata da bakinsa, kuma kada ya kuskura ya ce mata ma'alish.