Ya Mutu a Hanyar Tagwai

Munzali ɗan ƙanena ne, a hannuna ya girma a nan Dutsen Kura, don haka ba wanda zai ba ni labarin taurin kansa. Sana'arsa dakon doya daga gonakin wajen dam ɗin Tagwai zuwa Kasuwar Kure, da wata tsohuwar a-kori-kura da ta girmi matarsa Barira.

Motar nan 'yar ganin dama ce. Yau a murɗa makulli ta tashi kamar an mare ta, gobe ta yi ƙas, ta yi shiru. Ya sauya batir, ta lafa, ta koma halinta. Aka ce kik ne, abin da ke tayar da inji, aka kwance aka wanke. A gaban bakanike kuwa ba ta taɓa ƙin tashi ba, munafuka. Shi ya sa ba ya ajiye ta sai a gangare. Inda babu gangare, shi ke turawa, ga hawan jini da ya taɓa kayar da shi a bakin kasuwa.

Na ce, "Munzali, ko ka sayar da ita, ko ta binne ka."

Ya ce, "Gwaggo, ta kusa gaya mini abin da ke damunta."

Wata rana da hantsi ina tankaɗe, wayar Barira ta yi ƙara. Magdalene ce, 'yar ƙabilar Gbagyi da yake ɗauko wa doya. Har ni ina jin muryarta.

"Barira, ya mutu! Bayan dam ɗin nan ya yi tari, ya mutu. Mun yi, mun yi, ya ƙi tashi."

Layi ya katse. Barira ta kira, ba ya shiga. Ta kira wayar mijinta, tana ta ƙara, ba mai ɗauka. Rariya ta suɓuce mini.

Muka tari keke mai ƙafa uku. Barira ba ta yi kuka ba, hakan ya fi tsorata ni. Ta riƙe hannuna har farcenta ya shige, ni kuma ina tuna maganar da na yaɓa masa. Mai keke na kauce wa ramuka, na ce ya faɗa su, ba ƙwai ya ɗauko ba.

Daga nesa muka hango motar a gefen hanya. Mata sun kewaye ta, tsit. Ga ƙafafun Munzali sun leƙo daga ƙarƙashi, takalmi ɗaya ya fita, ba sa motsi. Barira ta saka salati, ta faɗa kansu.

Sai ƙafa ta harbe ta.

"Wa ke ja na? Magdalene, murɗa makullin!"

Inji ya kama. Mutumin ya fito baƙi ƙirin da mai, yana washe baki, riƙe da guntuwar waya da tsatsa ta cinye.

"Gwaggo, na kama ta! Wayar da ke haɗa batir da jikin mota ce. In an yi lodi, jikin ya lotsa, sai ta saki. Na yanke inda ta ruɓe, na sake ɗaurewa. Gareji kuwa wayam nake kai ta, ta yaya za ta ƙi tashi?"

Ban kula shi ba. Na juya kan Magdalene. "Ke, wa ya mutu?"

"Mota, Mama. Mota ya mutu."

"Mota mace ce! Ta mutu ake cewa! Kin kusa haɗa ni da gawa biyu."

Ta dafe ƙirji. Sai a lokacin ta gane, ta durƙusa ta rungume Barira tana ba ta haƙuri. Nan fa kukan Barira ya ɓalle, ta kama rigar mijinta, ta ƙi saki har kasuwa.

Tun da ya sa sabuwar waya motar ba ta ƙara ƙin tashi ba, bai kuma ƙara turawa ba. Amma har yau a gangare yake ajiye ta.