Gurbin da Baba Bai Zana Ba

Mahaifina mai ɗaukar hoto ne, kuma duk unguwarmu ba a san shi da wani suna ba sai Tsaya-Haka. Ko gaisuwa ka zo, in dai haske ya faɗo maka daidai, sai ka ji "tsaya haka!" ka sandare da takalmi ɗaya a hannu.

A shago ba ya wahalar da kowa. Ranar da zai haɗa kayan fita aikin waje ce gidanmu ke shiga uku. Yana da wani tsohon farin zanin gado da ya zazzane da baƙin alƙalami: nan gurbin kyamara, nan na batura huɗu, nan fitila da lemarta, nan labulen baya a naɗe, nan ƙafa-uku, wato sandar da ake ɗora kyamara a kai, har tsumman goge gilashi yana da nasa gurbin. Sai ya shimfiɗa shi a tsakiyar falo, ya ɗora kowane kaya a kan zanensa. Gurbin da ya gani wayam, ya san abin da ya rage ke nan. Tun muna yara ba mai taka zanin nan. Kyanwarmu ma zagayawa take yi.

"Shekara talatin," yake cewa yana zuge jaka, "ko allura ban taɓa mantawa ba."

Ƙarya ce, amma shi bai sani ba. Akwai wani ɗan ƙarfe, bai kai akwatin ashana ba, da ake ɗaura wa kyamara a gindi kafin ta zauna a kan ƙafa-uku. Tsohuwar sandarsa ba ta buƙatarsa, don haka ba shi da gurbi, kuma da ya sayi sabuwa bai ƙara zanen ba. Kyamarar ba ta shiga kubenta da shi, sai ya kwance ya ajiye a kan firji. Innata ce ke jira ya shiga wanka, ta ɗauka ta jefa a aljihun jaka. Shekara goma sha ɗaya tana haka. Can wurin aiki ya laluba ya same shi, ya yaba wa kansa.

Da bai yi baki ba, da har yau ana zaune lafiya. Wata rana abokansa suka zo yana cikin haɗa kaya, Inna ta ɗan ɗaga gefen zanin don ta wuce da tire.

"Kar ki taɓa!" in ji shi. Ya juya ga abokan. "Ita fa ba ta san bambancin batir da gwangwanin madara ba."

Suka kwashe da dariya. Inna ma ta yi dariya, irin wadda mu 'ya'yanta in mun ji mukan nemi abin yi a waje.

Washegari aikin babba ne. Wata tsohuwa ce da ta haura casa'in, zuriyarta duka sun taru don hoto ɗaya, kuma a ranar za su watse. Tafiyar awa uku ce, ni ce direba, don hannun Baba ya fara rawa. Shi ya ce shayi ne ya yi masa yawa, mu kuma muka ce to. Abin da muka sani shi ne, ba ƙafa-uku, ba hoto.

Kafin mu fita Inna ta jawo ni kicin, ta ƙulle ɗan ƙarfen a gefen ɗankwalina.

"Kada ki ba shi sai ya faɗa da bakinsa wa ke cika masa jaka."

"Inna, aikin mutane ne fa."

"Shi ya sa na ba ki, ban jefa a kwandon shara ba."

Ba zan ɓoye ba, daɗi ya kama ni. Duk hanya yana ba ni labarin wani abokin sana'arsa da ya taɓa manta batir, ina ta "kai, sakarci!" ina cizon leɓe.

Muka isa. Ya jera mutum arba'in da bakwai a ƙarƙashin bishiya, dogaye a baya, tsohuwar a kujera a tsakiya. Ya kafa ƙafa-uku, ya zura hannu a aljihun jaka. Wayam. Ya laluba ɗayan. Ya zazzage jakar kaf a ƙasa. "Ku tsaya haka!" ya daka wa jama'a tsawa, alhali ba wanda ya motsa.

Sai ya gwada da hannu. Ya ɗauka sau uku, ya duba, ga tsohuwa da ido huɗu. Babban ɗanta ya matso ya ce motoci za su tashi ƙarfe huɗu, kuma Mama ta gaji. A nan dariyata ta mutu. Na ga yadda ya matse kyamarar a ƙirji don kada a ga rawar hannunsa, tausayinsa ya kama ni har na kai hannu ga ɗankwali. Sai na tuna gwangwanin madara. Na ja shi gefe.

"Baba, wa ke sa ɗan ƙarfen nan a jaka?"

"Ni mana."

"Ina gurbinsa a zanin?"

Ina kallonsa yana bin zanin a ransa, kusurwa zuwa kusurwa.

"Ba shi da gurbi," ya ce a hankali.

"To shekara goma sha ɗaya ƙafa yake yi ya shiga?"

Ya dube ni, ya dubi ƙullin ɗankwalina. "Uwarki."

Na kira Inna a waya, na buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji, na miƙa masa.

"Ke ce," in ji shi. "Ke ce kike cika jakar."

"Wa? Mai gwangwanin madara?"

Ashe kunnen tsohuwar garau yake. Daga kujerarta ta ce, "Ɗan nan, ba ta haƙuri mu tashi, bayana ya ƙage."

Ya ba Inna haƙuri, a gaban mutum arba'in da bakwai. Na kwance ƙullin. Hoton ya fito tar, kowa na dariya, kuma ba shi ya ce su yi ba.

Muna shiga gida ya shimfiɗa zanin, ya ɗora ɗan ƙarfen kusa da gurbin kyamara, ya zagaye shi da alƙalami. Inna na tsaye a bakin ƙofa. Na zaci za ta yi kirari, sai na ga fuskarta ta sauka.

"To, ka sallame ni ke nan," ta ce, ta juya.

"Tsaya haka."

Ta tsaya. Ya nuna mata tsakiyar zanin. Ta dube shi kamar ya zare, sannan ta cire takalmi ta hau. Baba ya durƙusa, ya zagaye ƙafafunta biyu da alƙalami. Hannun na rawa, layin ya fito a karkace, bai gyara ba.

Tun daga ranar ba ya zuge jaka sai ta hau gurbinta. Wani lokaci takan bar shi tsaye da zif a hannu sai ta shanye shayinta tas, shi kuwa yana jira.