Samirar da ke amsa sallamar mahaifina

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifina, na tsinci wani tsohon kaset a akwatinsa a gidanmu na Ƙauran Namoda. Saƙo ne da ya taɓa aiko wa mahaifiyata lokacin da ya kai shanu Kurmi ya daɗe bai dawo ba. Abokina na Zurmi ya juye mini shi a memori, ni kuma na sayo sifikar da ta fi kowace girma a kasuwar Shinkafi, don ni a lokacin girman abu shi ne kyansa. Burina ɗaya, mahaifiyata ta sake jin muryar mijinta.

Na ɗora sifikar bisa kabad ɗin da ta jera samirunta na aure. Hantsi ne, rana ta ratso taga tana wasa a jikin kwanukan. Ina kunnawa, mahaifina ya yi sallama da muryarsa mai kauri, sai marafan samira suka hau kakkarwa, zirr, zirr. Kunya ta kama ni, na kashe. Ban ko dubi fuskar mahaifiyata ba.

Abokina ya ce katakon kabad ɗin ne ke kwasar rawar sifikar yana raba wa kwanuka. Na sauke ta ƙasa, na janye ta daga bango, na yanka tsohon silifa na sa mata a ƙafafu, na ƙara da gammo. Na yi ta kai da kawo kamar wani injiniya. Murya ta fito tas, ko cokali bai motsa ba.

Mahaifiyata ta saurara ido a lumshe har ƙarshe. Ina tsaye ina jiran a sa mini albarka, sai ta ce, "Allah shi yi ma albarka. Amma mai da ta inda kaɗ ɗauko ta."

"Inna, ai kwanukan za su sake ƙara."

"To mi? Babanku in yat tsaya ƙohwar ɗakin ga yay yi sallama, marhin samirag ga shi ka hwara amsa mai kahin ni. Wagga muryatai ta, amma ba shi cikin ɗakin."

Na cire gammon, na mayar da sifikar bisa kabad. Mahaifina ya yi sallama, marfin ya ce zirr. Ta gyara mayafinta, ta yi murmushi, ta amsa a hankali, "Wa alaikumus salam, Malam. Sannu da hanya."

Yanzu a ɗakina sifikata na zaune bisa gammo, don ba na son ƙara. Samirar ta dawo wurina tun da Inna ta bi mahaifina gidan gaskiya. Ranar da kewarsu ta dame ni, nakan ɗauko ta in ajiye bisa sifikar, in kunna, in jira ta amsa. Ni nake amsawa na biyu.